Neman Mai Keke da Fitila

Tun da na dawo daga Sabuwa ban huta ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, ko ba hoto ya zo ɗauka ba, sai ya tambaye ni wai da gaske ne mun ci tuwon da aka dafa da mutanen Ƙanƙara. Na gaji da maimaitawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Kawu Isiya ya riga ni baza labarin a kasuwa, kuma a nasa labarin shi ya tuƙa babur, shi ya haye rafi da ni a kafaɗa, ni kuwa ina ta salati. To ga yadda aka yi. Wanda ya ga ƙari a ciki, hanyar Ruwan Godiya a buɗe take, ya je ya tambaya.

Sunana Lawal, sana'ata ɗaukar hoto a Ƙanƙara. Bana kowa ya san yadda gari yake. Kuɗin man fetur sun gangaro har ƙauye, wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo mai kaset, wanda ya gama rufin kwano kuma sai kujerar Makka. Daga safe zuwa la'asar hoton fasfo nake ɗauka. Da Allah ya buɗa mini, sai na ce ni ma bari in biya wa mahaifiyata, Inna. Daga nan rigimar ta faro.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba, ban kuma taɓa ganin ƙwayar idonta a kaina ba. In tana da magana da ni, bango take fuskanta ta ce, "A gaya ma mai hoto," ko da kuwa daga ni sai ita a ɗakin. Shi kuwa hoton fasfo ba ya karɓuwa sai mutum ya kalli gilashin kyamara sosai. Ni kuma ina bayan kyamarar. Na ɗauke ta har na gaji, kowane hoto ya fito tana kallon tabarma. Matata Binta ta ce a kai ta Funtuwa wani ya ɗauka. Na ce in mahaifiyar mai hoto ta je shagon wani, ni kuma da wane ido zan shiga kasuwa?

Ana cikin haka, wata rana da hantsi Inna ta zauna tana tsinkar zogale da Binta, ta ɗaga murya yadda zan ji daga zaure. Ta ce mahaifina ma an taɓa ɗaukarsa hoto sau ɗaya. Shekarar da aka haife ni ya sayar da gyaɗarsa, ya sayi keke da fitilar ƙwai rana ɗaya, ya tsaya gindin tsamiyar kasuwa, keken ko takardar jikinsa ba a ɓare ba, fitilar tana rataye a ƙahonsa. Malam Audu Mai Akwati ya ɗauke shi, wani mai hoto da yake zaga kasuwanni da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. A lokacin sai ya tafi ya wanko, ya kawo in ya sake zagayowa. Kafin ya zagayo, sanƙarau ya ɗauke Baba ina goye. Ba wanda ya nemi hoton.

Sannan ta ce, "Ina son in na je gaban Ɗakin Allah in yi mashi addu'a, in na rufe ido in gan shi. To na rufe na rufe, ba ni ganin komi sai hula."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni ban san fuskar Baba ba balle in manta ta, amma ban taɓa zaton ita ma ta ɓace mata ba. Na san masu hoton da ba sa yar da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, wanda Inna take kira uwar hoto. In uwar tana nan, ɗa zai samu. Na ƙudura sai na nemo ta kafin jirginsu ya tashi.

Tunda ban san wanda nake nema ba, dole na ɗauki ƙanen Inna, Kawu Isiya, wanda ya rantse ya san Baba kamar yunwar cikinsa. Ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba mu bar Ƙanƙara da nisa ba sarƙar babur ta kama gefen rigar ta cinye hannu guda. Daga nan har muka dawo, da hannun riga ɗaya ya yi tafiyar, yana gaya wa mutane sabon ɗinkin Legas ne.

Zangonmu na farko Ƙetare, inda Malam Audu ya rasu shekarun baya. Muka sami matarsa, Iya Kande, tsohuwa mai faɗa da fara'a a haɗe. Ta tabbatar mana marigayin bai taɓa yar da fim ko ɗaya ba, adaka guda ya bari maƙil. Na fara murna, sai ta ce ai an raba gado. Malamin da ya zo rabo ya juya abin, ya rasa yadda zai yi masa kuɗi, ya kuma ƙi yarda a bar dukiyar marayu ba a raba ba. Sai aka kawo tiya aka zazzage adakar a tabarma aka auna kamar gero. Ita ta sami tumuninta, 'yarsu Talatu da ke aure a Ruwan Godiya ta sami kaso ɗaya, ɗansu Garba da ke Sabuwa ya sami biyu.

Nata kason kuwa ta adana shi yadda ta san ana adana abu mai daraja. Ta zuba a tulu da toka da busasshen barkono, ta liƙe bakin da laka, kamar waken iri. Da Kawu ya fasa laƙar, mu duka uku muka kama atishawa, har awakin gidan suka fice. Na shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, na samo gashin kaza mai laushi, na riƙa kaɗe tokar a hankali, don toka tana karce fim in aka goga. Gaskiya ƙwaro bai taɓa su ba, danshi ma bai shiga ba, sai dai karce kamar an yi musu tsaga.

A nan Kawu ya fara ganin nagatif a rayuwarsa. Ya ɗaga ɗaya sama, ya ga baƙin mutum ya koma fari fat, farar riga ta koma baƙa, haƙora baƙi ƙirin. Ya yi a'uziyya ya yar. Da ya saba, sai ya zama gwani. Duk wanda na ɗaga sai ya ce shi ne. Ya nuna mini wani mai jaki, ya nuna wani dogari, ya nuna wani da Iya Kande ta leƙa ta ce yayanta ne. Na tuna masa keke muke nema da fitila, ya ce ai mutum yana iya jingine keke. Muka duba tulun tas, babu.

Iya Kande ta ba mu dambu da fura, ta kuma ce in kwashe fim ɗin in har zan kula da su, da sharaɗin in wanko mata hoton mijinta. Mutumin da ya ɗauki rabin ƙasar nan, ashe shi ba a taɓa ɗaukarsa ba. Abin da na samu kawai wani fim da inuwarsa ta faɗo a ƙasa, shi da ƙafafun akwatinsa. Na nuna mata, ta daɗe tana dubawa, ta ce ƙusumbin nasa ne, a wanko mata hakan.

Daga Ƙetare muka juyo muka kama hanyar Sheme. Ƙarshen damina ne, ruwa ya tare mu a fili, muka isa Ruwan Godiya da la'asar jiƙe sharkaf. Aka nuna mana gidan Malam Nuhu, mijin Talatu. Mutanen nan suna da wata ɗabi'a da ta bambanta da tamu. Mu a Ƙanƙara tun baƙo bai cire takalmi ba mun tambaye shi lafiya dai ko. Su kuwa ba a barin baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Sau biyu ina buɗe baki Malam Nuhu yana ɗaga mini hannu. Aka sauke mu a zaure tsakanin buhunan takin zamani, ba a jima ba sai ga tuwon masara da miyar karkashi yana tururi.

Kawu ya ci ya side, ya shiga yabo. Ya ce abin da ya burge shi, gari duk ya jiƙe, itace ya sha ruwa, amma uwargida ta haɗa wuta nan da nan. Malam Nuhu ya yi murmushin mai abin alfahari, ya ce wannan sirrin gadon matarsa ne, duk unguwar nan wurinta ake zuwa ara. Ya shiga gida ya fito da garwashi a kasko, da wani abu a ɗaya hannun. Kafin in gane ko mene ne, ya ɗora shi a kan garwashin. Wuta ta tashi fuu har ta kusa lasar jinka.

Ashe nagatif ne ya ɗora. Tsohon fim na zamanin su Malam Audu da wani abu aka yi shi mai kama wuta fiye da kananzir, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Shekara da shekaru Talatu tana hura wutar damina da mutanen Ƙanƙara da Faskari. Sai na faɗi abin da ya kawo mu. Kawu ya dubi akushin da ya share, ya ce, "To in dai da mijin Yaya aka dahwa, wallahi ya yi daɗi. Dama mutum ne mai albarka."

Ban yi dariya ba a lokacin. Talatu ta zo bayan zana ta tsaya, muka gaisa. Ta ce ita ba ta taɓa jefa ɗaya a wuta ba sai ta ɗaga ta duba, ta ce masa ya yafe ta, don ta san bayin Allah ne. Ta ƙona masu dawaki, ta ƙona masu carbi, ta ƙona wani mai rungume da agogon bango. Na tambaye ta masu keke fa.

Ta ce, "Masu keke kau na ƙona. Amma mai hitila ban ƙona ba. Da na gan shi da na tuna."

Ragowar suna cikin wata kwalla kusa da murhu. Zafi ya nannaɗe su, sun yi ja, suna wani tsami kamar kamun da ya kwana biyu. In fim ya fara wannan wari, ciwo ne ya kama shi, kuma yana shafar na kusa da shi. Na ware masu warin daban, na duba duka, babu Baba. Da safe, bayan kuɗin cizon zauren sun gama karɓar gaisuwarsu a jikinmu, na je Sheme na sayo wa Talatu garwar kananzir, ta ba ni kwallar. Maƙwabta ba su ji daɗina ba ko kaɗan.

A garin Faskari muka tsaya liƙin taya a gindin wani dutse. A nan aka ce mana hanyar Sabuwa biyu ce, ko mu zaga ta Funtuwa a kan kwalta, ko mu yanke ta daji. Kawu ya ce ya san ta dajin, ya bi ta yana saurayi da fataken goro. Ni ma da wautata na yarda. Muka yi ta kutsawa cikin gonakin dawa da auduga, muna tura babur a laka fiye da yadda muke hawansa, har muka iso wani rafi da aka ce shi ne iyakar ƙasar Faskari da ta Sabuwa.

An ba da kwangilar gada a wurin. Abin da ya iso kawai siminti ne, tsibi guda, ruwa ya dake shi ya daskare da siffar buhunansa, masu jiran fito suna zaune a kai suna cin gyaɗa. Wasu ƙarti suka ɗaga babur ɗina a kan itace suka haye da shi. Ni na naɗe wando na ɗora gwangwanayen da na zuba fim ɗin ciki a ka, ruwa har ƙirji, ina addu'ar kada in zame, don fim mai ciwo in ya jiƙa ya gama. Kawu kuwa, wanda yake cewa ya ɗauke ni a kafaɗa, shi aka ɗauka. Ya riƙe kunnuwan bawan Allahn nan kamar linzami, yana yi masa wasiyya har suka kai gaci.

A ɗaya gefen akwai rumfa da wani ma'aikaci mai kaki, wanda aka ajiye don masu satar fita da gyaɗa da auduga. Ya ce a buɗe kaya. Ya buɗe na Iya Kande ya kama atishawa, ya buɗe na Talatu ya toshe hanci. Ya ɗaga fim ɗaya sama, ya daɗe, ya ce shi dai amfanin gona aka ce ya duba, amma wannan mutane ne ake fita da su daga wata ƙasa zuwa wata, bai san ko da izinin hakimi ba. Muka yi ta ja. Daga ƙarshe ya hango kyamarata, ya gyara hula, ya ce in zan ɗauke shi yana riƙe da sandarsa, to bai ga komai ba. Na ɗauke shi tsaye, na ɗauke shi zaune a kan simintin gada.

Sabuwa ƙasa ce mai ruwa, ciyawa ta fi tamu tsawo, ga rake ga doya. A bakin kasuwa muka ga matan ƙauyukan kudu suna ɗauke da kaya a kafaɗa maimakon ka. Kawu ya tsaya zai ba wata shawara, ta dube shi da hannun rigarsa ɗaya, ta ce ya fara gyara nasa kayan. Aka ba mu doya da yaji, aka kawo mazarƙwaila. Kawu ya gatsa da ƙarfi ya bar haƙori a ciki, ya ce dama yana girgiɗi.

Malam Garba baduku ne, mutum mai sanyin magana, rumfarsa cike da sirdi da kube da layu. Da ya ji abin da ya kawo mu, fuskarsa ta washe. Ya ce ya daɗe yana jiran ranar da wani zai zo ya tambaya. Mahaifinsa kafin ya cika ya ce masa kada ya bari fim ɗin nan su bushe su kakkarye. Shi kuwa abu ɗaya ya sani da ke hana abu bushewa ya karye. Duk shekara sai ya fito da su, ya shafe kowanne da man shanu kamar fata, ya jera su, ya naɗe a jemammiyar fatar akuya, ya danne da dutse.

Ya kwance fatar a gabana yana cewa, "Ban taɓa hwashi ba, Malam Lawal. Ko shekarar da ba mu da na miya, na shafa masu."

Sun manne sun zama curi-curi kamar daddawa. Na buɗe baki zan yi faɗa, na dubi fuskarsa, na haɗiye. Wanda ya hana iyalinsa man miya don cika wasiyya, me za ka ce masa? Na zauna a inuwar rumfar ina ɗaga curin ɗaya bayan ɗaya, ina duba na sama da na ƙasa, waɗanda suka yarda su rabu ina raba su da farce. Kawu yana gefe yana ta "shi ne" da sabon giɓinsa, har na daina sauraronsa.

Can na ɗago wani siririn curi na karkata shi ga rana. Na ga ƙafar keke. Na goge gefen da babban yatsa, na ga takarda nannaɗe a jikin ƙarfen, sama kaɗan kuma ga wani abu mai ciki yana rataye. Daga kafaɗa zuwa sama wani fim ɗin ya manne ya rufe. Na miƙa wa Kawu ina jiran ya ce shi ne. Bai ce ba. Ya daɗe yana dubawa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Hitilar Yaya ce. Tana nan ɗakinta har yau."

Malam Garba ya ba ni kasonsa duka, na yi masa alkawarin duk wanda ya rayu zan wanko masa. Da na gaya masa a hankali cewa mai ba ya yi wa fim amfani, sai ya tambaya ko man gyaɗa ya fi. Dawowa ta kwalta muka bi. Kawu da kayan na sa su a motar auduga zuwa Funtuwa, ni na bi su a baya ina shaƙar hayaƙi, ban ƙara karɓar shawararsa a kan hanya ba.

A gida aikin gaske ya fara. Ban yarda na fara da na Baba ba, na gwada da wani curin. Na tsoma shi a ruwa na bar shi ya jiƙa, sai na ga fuskar wani bawan Allah mai rawani ta saɓule daga jikin fim ɗin ta narke a cikin tasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko wane ne shi, wataƙila wannan ce kaɗai fuskar da ta rage masa a duniya. Daga nan na canza dabara. Na samo man da ake ɗura wa laitar kunna taba da auduga mai laushi, na zauna a inuwa nesa da murhu, ina ɗebe man shanun kaɗan-kaɗan daga gefe. Sai da maiƙon ya fita na tsoma curin a tafasasshen ruwan da na tace ya huce a randa, jim kaɗan kawai, ban ja ba, na bar su suka zame da kansu. Na rataye na Baba da maƙali a ɗakin wanki ya bushe, na yi masa sabon kwafi a sabon fim kafin in ƙara taɓa shi. Binta ta ce ko dai tsamin nan ya bar mata ɗaki ko ita ta bar masa. Na gyara tsohon ɗakin ƙasa na bayan gida mai sanyi, na sa kowane fim a ambulan ɗinsa, masu ciwo daban, na hana a wuce wurin ko da garwashin turare.

Ranar wanke hoton ta zo. Na tsoma katin a ruwan magani ina kallo. Ƙafar keke ta fito, kowace waya ana ƙirga ta. Takardar ta fito, fitila ta fito, tsamiya ta fito, yatsun ƙafarsa, aljihun rigarsa, hannunsa a kan sirdi. Wurin fuska kuwa sai wani hazo, kamar an shafa da yatsa. Abin da ake gani kawai saman hula da kunne ɗaya.

Na zauna a ƙasa. Na zagi man shanu, na zagi saniyar da aka tatsa, Allah ya yafe mini har Malam Garba na taɓa. Na koma na sake goge wurin, na sake wankewa, hazon yana nan. Akwai kuma wani dogon zane a gefen hoton da na ɗauka karce ne, na yi niyyar kankare shi, gajiya ta hana ni. Da na rasa dabara, na ɗauki fensirin gyaran fim na zauna da kwafin, Kawu yana tsaye a kaina yana cewa a ƙara hanci, a rage goshi, a buɗe ido. Da muka wanke, Binta ta leƙo ta ce sannu, an sami Kawu Isiya da cikakkun haƙora. Na yayyaga shi.

Lokacin miƙa fasfo ya matso, ba yadda zan yi. Na ɗauki hoton Baba yadda yake, ni da Kawu muka shiga ɗakin Inna da hantsi. Na ajiye shi a tabarma gabanta, na durƙusa daga bakin ƙofa, na gaya wa bango cewa mai hoto ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma man shanu ya cinye fuskar.

Ta ɗauka ta matsa wajen haske. Ta dubi hoton, ta dubi fitilar da ke rataye a ƙusa. Sai na ji wani sauti, na zaci kuka ne, ashe dariya ce. Ta yi ta yi har da hawaye, tana share su da gefen mayafi. Ta ce a gaya ma mai hoto ya bar ɗaukar alhakin man shanu. Ranar tana layin masu fura tana leƙe. Malam Audu ya shiga cikin baƙin ƙyallensa ke nan, sai mahaifinta ya ɓullo ta wajen 'yan hatsi. Baba kuwa ya ga surukinsa, ya sunkuyar da kai zai zube ya gaishe shi, daidai lokacin aka ɗauka. Ta sa yatsa a kan dogon zanen da na so kankarewa. Kawu ya leƙa ya ce sandar babansu ce, har ga kan takalminsa.

Ashe fuskar ba ta taɓa shiga akwatin ba. Na sha barkono, na sha ruwan rafi, na ciyar da kuɗin cizo, a kan abin da kunya ta riga ta ɗauke tun ina cikin zane. Na ji kamar in yi kuka, don alkawari na ɗauka a raina kuma ban cika ba. Na sunkuyar da kai yadda na saba a gabanta, na ce a yi haƙuri, fuskar ba ta samu ba.

Dariyar ta tsaya. Ta ƙasan ido na ga ta ɗaga hoton, ta sauke, ta sake ɗagawa, tana duban kunnen da ke ciki tana duban wajena.

Ta ce, "Ɗago."

Ban motsa ba, na zaci da Kawu take. Ta sake cewa, "Kai nike ma magana. Ɗago."

Na ɗago. Inna ta dube ni. Ta dubi goshina, ta dubi hancina, ta dubi bakina, a tsanake, kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Ni ne na rasa inda zan sa idona. Sai ta ce, "Ashe tana cikin gidan nan. Ni ce ban duba ba."

Kawu ya share hanci da hannun rigarsa mai rai, ya ce ai shi dama tun a Ƙetare yake cewa shi ne, ba a saurare shi ba.

Inna ta gyara mayafi ta ce in ɗauko akwatin hotona maza kafin kunyar ta dawo. Na ruga har ina tuntuɓe da turmi. Na rataya farin ƙyalle a bangon ɗakinta, ta zauna, na leƙa ta gilashi, idonta yana kaina bai kauce ba. Sau ɗaya na danna.

Shi ne hoton da ke manne a fasfonta yanzu, ta tafi da shi, ta kuma tafi da na mai keke a cikin jakarta. Na wanko wa Iya Kande inuwar mijinta, Malam Garba ma ya sami abin da ya rayu daga kasonsa, ma'aikacin bakin rafi kuwa har yanzu bai zo karɓar nasa ba. Masu zama a bencina da suka ga hoton Inna suna cewa ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba, suna tambayata wace fitila na haska mata. Ban haska komai ba. Washegari ma ta koma magana da bango, har ranar da muka raka ta tashar mota. Ban damu ba. Nagatif ɗin yana wurina.